Duriyan, mangis, rambutan ko dokong: wanne ɗan Gombe zai fara saya a Malesiya?

Duk ɗan Gombe ko Bauchi da karatu ya kai shi Malesiya, in ya sauka tsakanin Yuni da Agusta, zai tarar kasuwa ta cika maƙil da 'ya'yan itacen da bai taɓa gani a Muda Lawal ko babbar kasuwar Gombe ba. Wani duk jikinsa ƙaya, wani ja wur da gashi buzu-buzu, wani launin shunayya mai duhu da 'yar koriyar hula a ka, wani kuma nono-nono a jikin reshe. Ayaba da gwanda da kankana da abarba da goba ba sa yankewa a can duk shekara, shi ya sa da yawa cikin mutanenmu a kansu suke tsayawa har su gama digiri su dawo gida, ba su ɗanɗana komai na ƙasar ba. Wasu kuma zugar abokan aji ke ɗibarsu, su zube kuɗin cefanen mako a kan duriyan guda, su kasa haɗiye loma ta biyu.

Duka biyun asara ce. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, wanda ake turo wa kuɗi daga gida ya san kowace ringit, wato kuɗin Malesiya, sai an yi mata lissafi. Kakar kuma ba ta daɗewa, kana cikin shawara za ta wuce, sai baɗi. To, ga wanda ke tsaye gaban mai tebur da ringit 20 ko 30 a aljihu bai san wanda zai nuna ba, ga yadda nake auna su.

Lokaci da wurin saye

Malesiya ba ta da hunturu da bazara irin namu, kusan kowane wata ana ruwa. Abin da ke sa itatuwan nan su yi fure shi ne ruwa ya ɗan ɗauke na wasu makonni a farkon shekara, daga fure zuwa faɗuwar duriyan kuwa wata uku ne zuwa huɗu. Shi ya sa babbar kaka ke kamawa daga Yuni zuwa Agusta, sai wata ƙarama a wasu jihohi wajen Disamba zuwa Fabrairu. Duriyan da mangis da rambutan kusan tare suke shigowa, Penang kan riga Johor da Pahang farawa, dokong da duku kuma su biyo baya har cikin Satumba da Oktoba. Shekarar da ruwa ya yi yawa lokacin fure, furen kan kakkaɓe, kaya su yi ƙaranci, farashi ya tashi.

Inda ka saya ma yana canza lissafi. Manyan kantuna sun fi tsada, kayansu kuma sau da yawa sun kwana biyu a roba. Kasuwar dare da suke kira pasar malam, wadda kowace unguwa ke da ranarta, ita ce ta ɗalibi. Akwai pasar tani, kasuwar manoma da hukumar kasuwancin kayan gona ta ƙasar, FAMA, ke shiryawa. Ɗaliban da ke karatu a Serdang suna da kasuwar sari a Seri Kembangan, na Gombak suna iya leƙa Chow Kit ko Selayang, na Sintok kuwa Changlun na kusa, ga masu tebur a bakin titi da kayan da ke ƙetarowa daga Tailan.

Abin da nake dubawa

Na farko, kuma shi ne ya fi yaudarar baƙo: kuɗin kilo ba shi ne kuɗin abin da zai shiga ciki ba. Sikeli yana auna ɓawo da ƙwallo da kara duk gaba ɗaya. A gida ba mu cika damuwa da wannan ba, don mangwaro ko lemo kashi-kashi muke saye, ido ya gani, hannu ya taɓa. A can komai sai an ɗora a sikeli, akwai kuma ɗan itacen da kashi uku cikin huɗu na nauyinsa kwandon shara zai tafi. Saboda haka duk farashin da ka gani a allo, ka fara tambayar kanka nawa ne tsoka a ciki.

Na biyu, kwana nawa zai yi. Ƙasar akwai zafi da laima, abin da ka ajiye a kan tebur yau gobe kiyashi ya same shi. Firjin ɗalibi ƙarami ne, sau da yawa ma na haɗaka ne da mutum uku ko huɗu.

Na uku, sauƙin ɓarewa da ci: da hannu kawai, ko sai da wuƙa, ko sai an yi maka.

Na huɗu, haɗari. Ba na lafiya kaɗai ba, har da na aljihu, wato yiwuwar ka biya kuɗi ka tarar da ruɓaɓɓe, da na tufa, da na zaman lafiya da maƙwabta.

Batun daɗi ban sa shi a ma'auni ba, don kowa da harshensa. Zan dai faɗi nawa inda ya kama.

Duriyan

Su da kansu suna kiransa sarkin 'ya'yan itace. Ƙato ne mai kilo 1 zuwa 3, ɓawonsa kauri, ƙayoyinsa tsini, cikinsa ɗaki biyar, kowane ɗaki da curin tsoka mai laushi da maiƙo da ta naɗe ƙwallo. Zaƙi ne mai nauyi, wasu iri da ɗan ɗaci a ƙarshe, kuma masana cinsa ɗacin nan suke nema. Matsalar ita ce wari. Yana ratsa leda da roba da murfin firji, ya kama labule. A 2018 sai da aka kwashe ɗaruruwan mutane daga ɗakin karatu na wata jami'a a Melbourne ta Ostireliya, ana zaton iskar gas ce ke yoyo, ashe duriyan ne ya ruɓe a cikin kabad. Duk da haka, wanda ya taso a gidan da ake dakan daddawa bai kamata ya yi wa abinci hukunci da hanci kaɗai ba.

Farashinsa hawa uku ne. A ƙasa akwai duriyan kampung, na ƙauye wanda ya tsiro daga ƙwallo ba a yi masa aure ba, a tsakiyar kaka ana samunsa tsakanin ringit 10 da 20 kilo, wani lokaci ma a tara a ce kashi kaza. Shi sa'a ne: wani ya fi na tsada daɗi, wani salam, ƙwallo ya cinye wuri. A tsakiya akwai irin da ake kira D24 da makamantansa, wajen ringit 20 zuwa 35. A sama akwai Musang King, wanda lambarsa D197, Raub ta jihar Pahang ce cibiyarsa, da Black Thorn na Penang. Waɗannan sukan tashi daga ringit 40 zuwa 70 ko fiye. Dalilin tsadar ba a ɓoye yake ba: ƙasar Sin ta buɗe ƙofa ga daskararren duriyan na Malesiya da ɓawonsa a 2019, ɗanye kuma a 2024, don haka kai da masu saye na Guangzhou kuke takara a kan gona ɗaya.

Yanzu yi lissafi. Tsokar duriyan ba ta wuce kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na nauyinsa. A ce ka ɗauki Musang King mai kilo 2 a kan ringit 50 kilo, ka biya 100 ke nan, tsokar da za ka samu in an yi sa'a rabin kilo ce. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ba ya ajiyuwa. Manoman Malesiya ba sa tsinkarsa, jira suke ya nuna ya faɗo da kansa, har raga suke ɗaurawa ƙarƙashin bishiya. Na Tailan, irin Monthong, yankowa ake kafin ya gama nuna, shi ya sa ya fi jure tafiya kuma warinsa ya fi sauƙi. Wanda ya faɗo da kansa kwana biyu zuwa uku ne, daga nan ya tsage ta ƙasa, ya yi ruwa, ya fara tsami. In ka ciro tsokar ka rufe a roba ka sa a firiza za ta yi watanni, amma sai in firizar taka ce kai kaɗai.

Kada ka ce za ka ɓare da kanka a karon farko. Mai sayarwa yana da safar hannu da wuƙarsa, a gabanka zai auna, ya tsaga, ya nuna maka ciki. Ku yi magana kafin ya tsaga: in da tsutsa, ko bai nuna ba, ko ya yi ruwa, zai canza? Masu mutunci suna canzawa. Ka duba karan kansa, in ka karta da farce ya nuna danshi to sabon faɗuwa ne, in ya bushe ƙayau ya kwana biyu. Musang King na gaskiya yana da alamar tauraro mai reshe biyar a gindinsa, tsokarsa rawaya sosai, ƙwallonsa sau da yawa shafal. Baƙo ne aka fi sayar wa wani iri da sunan Musang King, don haka da ɗan gari akan ci gari.

Ta fuskar lafiya, giram 100 na tsokarsa yana da kalori kusan 150, ga suga ga maiƙo, ga fotasiyam mai yawa. Mai ciwon suga ya tsaya a curi ɗaya ko biyu, mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa tukuna. Otal-otal da yawa sun hana shiga da shi kuma suna cin tara, jiragen ƙasa na Singafo sun haramta, direban Grab, wato tasin da ake kira ta manhajar waya, ma yana iya ƙin ɗaukarka. A gidan haya na haɗaka kuwa, curi ɗaya a firji ya isa ya haɗa ka da abokan zama.

Mangis

Shi ne mai launin shunayyan nan, bai kai lemon zaƙi girma ba. Ɓawo mai kauri, ciki kuma farar tsoka ɓari-ɓari, zaƙi da ɗan tsami, ruwa-ruwa, ba wari ko kaɗan. A ganina duk cikinsu babu kamarsa, kuma ban taɓa miƙa wa wani namu ya yamutsa fuska ba. Suna kiransa sarauniya, suna cewa duriyan zafi ne shi kuma sanyi, shi ya sa ake jera su tebur ɗaya. Wannan al'adarsu ce ta cin abinci, ba sharaɗi ba ne.

Kilo kan kama ringit 6 zuwa 12 a kaka. Sai dai shi ma ɓawo ne ya fi yawa, tsokar ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, sau da yawa ma ba ta kai ba. Kilo ɗaya mutum guda zai tashi da shi a zama ɗaya bai ji ya ci komai ba.

A nan asarar aljihu ta fi yawa, don ba ka ganin ciki. Dabarar ita ce latsawa: mai kyau yana ɗan lotsawa in ka matsa da yatsa, wanda ya yi tauri kamar dutse ya bugu ko ya tsufa, cikinsa ya lalace. In ka ga ɗigon ƙaro rawaya ya yi yawa a jiki, mai yiwuwa ya shiga cikin tsokar ya sa mata ɗaci. Hular kansa ta kasance kore, ba busasshiya ba. Ka juya gindinsa, akwai wata 'yar fure a manne: yawan ganyenta shi ne yawan ɓarin da ke ciki, mai ɓari da yawa kuma ya fi ƙarancin ƙwallo. Kada ka yarda a ba ka wanda aka riga aka ƙulle a leda, zaɓa da hannunka ɗaya bayan ɗaya. Mai tebur ba zai ji haushi ba, matan garin ma haka suke yi.

Ɓarewa ba wuya: cire hular, matsa shi tsakanin tafukan hannu, ya tsage. Yana yin kwana huɗu zuwa mako a inuwa, sanyin firji mai yawa kuma taurara ɓawon yake yi. Haɗarinsa na tufa ne. Ruwan ɓawon yana tabo mai wuyar fita, har wasu otal-otal suna haɗa shi da duriyan a takardar hani. Kada ka ci shi da farar shaddar Juma'a a jikinka. Kiyashi kuma na ɓuya ƙarƙashin hular, a wanke kafin a shigar ɗaki.

Rambutan

Mai gashin nan ne, ja ko rawaya, ana sayar da shi a ɗaure da reshensa. Kamanninsa ne kawai ke ba da tsoro, gashin laushi gare shi. Ka huda da farce ko ka murɗa, ya buɗe, farar tsoka mai santsi da zaƙi ta fito da ƙwallo ɗaya a tsakiya.

Shi ne na talaka. Ringit 4 zuwa 8 kilo, in kaka ta kai tsakiya kuwa sai ka ji ana kilo uku ringit 10, maƙwabcin da ke da bishiya a tsakar gida ma kyauta zai cika maka leda. Kusan rabinsa ake ci. In an kwatanta da lissafin Musang King na ɗazu, abin da za ka kashe a kan tsokar duriyan rabin kilo zai saya maka rambutan da za ka gaji da ɗauka.

Bambancin mai kyau da marar kyau ɗaya ne: ko tsokar na rabuwa da ƙwallo. Wani iri tana saɓulewa tas, wani kuma tana tahowa da ɓawon ƙwallon mai kama da ɓawon itace, ya ɓata maka ci. Kalmar da za ka tambaya da ita ita ce lekang, ko ka ce a ba ka ɗaya ka gwada, ba sa hanawa. Irin da ake kira Anak Sekolah yana cikin waɗanda aka fi nema. In ka ci karo da ɗan'uwansa pulasan, mai gajerun ƙayoyi masu kauri a maimakon gashi, saya ko da ya ɗan fi tsada, ya fi zaƙi kuma ba kullum ake ganinsa ba.

Gashin yana baƙi cikin kwana biyu ko uku a waje, amma sau da yawa cikin lafiya lau yake. A leda cikin firji yana kai mako. Tururuwa kan biyo reshen, a kakkaɓe a waje. Abin kula na gaske shi ne yara: tsokar santsi, ƙwallon daidai maƙogwaron ƙaramin yaro. Uwargida ta cire ƙwallon ta yayyanka kafin ta miƙa wa ɗan ƙasa da shekara biyar.

Dokong, duku da langsat

'Yan gida ɗaya ne, ƙanana masu launin ƙasa-ƙasa, cikinsu ɓari-ɓari garai-garai. Wanda ke kewar agwaluma zai samu ɗan sauƙi a nan, musamman a langsat mai tsami-tsami, sai dai shi ɓawonsa siriri ne mai fitar da farin danƙo da ke manne yatsu. Duku ɓawonsa ya fi kauri, ba danƙo sosai, ya fi zaƙi, na Terengganu ya yi suna. Dokong ne ya fi dacewa da baƙo: nononsa a cure, danƙo kaɗan, ƙwallo kaɗan.

Ringit 5 zuwa 10 kilo, kuma shi ne wanda sikeli bai cika cutar mai saye ba, don kusan kashi biyu cikin uku ake ci. Da farce ake ɓarewa, ba tabo, ba wari, ana iya ci a ɗakin bincike ba wanda zai ɗaga kai. Kwana uku zuwa biyar ya fara zubewa daga reshe, ɓawon ya yi duhu. Laifinsa ɗaya: koren ƙwallon da ke cikin babban ɓari. In haƙori ya taɓa shi, ɗacin zai daɗe a baki. Ƙananan ɓarin ba su da ƙwallo, babban kuma a tsotse shi a hankali.

Amfaninsa na musamman shi ne yana zuwa a makare. Wanda ya sauka a Satumba ko Oktoba don sabon zangon karatu, duriyan da mangis sun yi ƙaranci sun yi tsada, dokong ne zai tarar da araha.

Cempedak

Dogo ne mai kaushin jiki, ɗan'uwan nangka, wani ƙaton ɗan itace da Turawa ke kira jackfruit, amma ya fi shi ƙanƙanta da laushi da ƙarfin ƙamshi. Wanda ya saba da nunanniyar giginya ba zai ji baƙunta sosai ba. Ɗanyensa guda yana kai kilo biyu ko uku, wajen kashi ɗaya cikin uku ake ci, yankawa kuma sai an shafa wa wuƙa da hannu mai saboda danƙo. In ya nuna kwana biyu zuwa uku ne, ƙamshinsa kuma yana cika ɗaki, bai dai kai duriyan ba.

Ni ba na ba ɗalibi shawarar sayen guda. Masu suya a kasuwar dare suna tsoma tsokar da ƙwallonta cikin kwaɓin fulawa su soya, cempedak goreng ke nan, da 'yan ringit kaɗan za ka samu leda mai zafi, ƙwallon ma ya dahu ana ci. Ka samu daɗin ba ka sha wahalar ba. Wanda jikinsa ba ya shiri da safar hannu ta roba irin ta asibiti ya yi hattara da shi da nangka, danƙonsu yana iya tayar masa da ƙaiƙayi.

Biyu da za ka gani a gefe

Salak mai ɓawo kamar fatar maciji, yawancinsa daga Indonesiya yake zuwa. Ƙaras-ƙaras ne, zaƙi da ɗan bauri, ya fi duk sauran daɗewa, yana wuce mako. Ɓawon na iya karce yatsa. Ba ya burge ni sosai, amma ga mai son abin sawa a jaka ba laifi.

Belimbing kuwa, mai kusurwa biyar da in an yanka yake fita kamar tauraro, ana samunsa kusan duk shekara da araha, har a matse shi a sayar a kofi. Ga mai lafiya ba komai. Ga mai ciwon ƙoda guba ne: yana ɗauke da wani sinadari da lafiyayyar ƙoda ke tacewa ta fitar, marar lafiya kuma ta kasa, ya taru ya taɓa ƙwaƙwalwa. Shaƙuwa da ba ta tsayawa ce alamar farko, sai ruɗewa da jijjiga, har akan rasa rai. Wanda ya rako mahaifi ko mahaifiya asibiti a can, ko yake da wanda ake wa wankin ƙoda a gida, kada belimbing ko ruwansa ya shigo ɗakin.

A taƙaice cikin jadawali

| Iri | Kuɗin kilo a kaka (ringit) | Abin da ake ci | Daɗewa | Ɓarewa | Babban abin kula |
|---|---|---|---|---|---|
| Duriyan kampung | 10–20 | kashi 1 cikin 5, ko ƙasa | kwana 2–3 | sai mai sayarwa | wari, sa'a ce |
| Musang King | 40–70 ko fiye | kusan kashi 1 cikin 4 | kwana 2–3 | sai mai sayarwa | jabu, tsada, suga |
| Mangis | 6–12 | kashi 1 cikin 3, ko ƙasa | kwana 4–7 | da hannu | lalatacce a ciki, tabo |
| Rambutan | 4–8 | kusan rabi | kwana 3, mako a firji | da farce | ƙwallo ga yara, tururuwa |
| Dokong | 5–10 | kusan kashi 2 cikin 3 | kwana 3–5 | da farce | ɗacin ƙwallo |
| Cempedak | 5–10 | kusan kashi 1 cikin 3 | kwana 2–3 | wuƙa da mai | danƙo, ƙamshi |

Farashin nan na kasuwar dare ne a 'yan shekarun nan, yana hawa a farkon kaka da ƙarshenta, ya faɗi a tsakiya.

Wa ya dace da wanne

Sabon zuwa da ke zaune a hostal ko ɗakin haɗaka, kuɗi a ƙidaye: rambutan kilo ɗaya da dokong kilo ɗaya. Ba za su wuce ringit 18 ba, ba wuƙa, ba rigima da kowa, in ma bai yi maka ba asarar kaɗan ce.

Wanda ke son sanin mafi daɗin abin da ƙasar ke da shi ba tare da ya yi kokawa da hancinsa ba: mangis, a zaɓa da hannu, a ci cikin kwana uku. In kuɗin mako ya ba da damar abu ɗaya tak, nan zan sa nawa.

Malamin da ya taho da iyali, ga Hajiya ga yara: rambutan da yawa don shi ne ke ƙosar da gida, a cire wa ƙanana ƙwallo, sai mangis ranar hutu, a tuɓe wa yara kayan makaranta tukuna. Cempedak guda ma a nan ne yake da ma'ana, don akwai bakunan da za su cinye shi kafin ya wuce, akwai kuma kicin ɗin da za a soya.

Mai son gwada duriyan, kuma ya kamata kowa ya gwada ko sau ɗaya: ku haɗu mutum huɗu ko biyar, ku ɗauki abokin karatu ɗan ƙasa, ku je rumfa a tsakiyar Yuli, ku ci a can ku wanke hannu a can. Ku fara da kampung ko D24. Musang King na wanda ya riga ya san yana son duriyan ne, mai koyo ba zai gane abin da ya biya wa kuɗi ba. Rumfunan SS2 a Petaling Jaya sun yi suna, akwai ma masu tsarin biya sau ɗaya ka ci iya cinka, amma wannan ba na ranar farko ba ne. In loma ta farko ba ta yi maka ba, jira sati biyu ka sake, da yawa sai a karo na biyu ko na uku yake kama su.

Mai ciwon suga: duk waɗannan zaƙi gare su, ya ɗanɗana kaɗan bayan abinci, abin yau da kullum kuma ya koma wa goba, wadda a can manya ce, ƙaras-ƙaras, ba ta da zaƙi sosai. Mai ciwon ƙoda ya bar belimbing kwata-kwata, duriyan kuma sai da izinin likita.

Wanda ke Perlis ko arewacin Kedah yana da wani zaɓi kafin babbar kaka: mangwaron Harumanis, daga Afrilu zuwa Yuni, ɓawonsa kore ko ya nuna. Yana da ƙamshi, ba zare, amma tsadarsa ta ninka ta sauran mangwaro. Mutumin da ya sha mangwaron Dadin Kowa a kan bishiya ya sayi guda ɗaya ya kwatanta, ba sai ya ɗauki kwali ba.

Mai shirin tsaraba kuwa ya cire ɗanye daga lissafi. Kamfanonin jirgi da yawa ba sa karɓar ɗanyen duriyan, rambutan da mangis ba za su jure tafiya ta Doha ko Addis Ababa zuwa Abuja sannan a kama hanyar Bauchi da Gombe a mota ba, shigo da ɗanyen kayan gona ko iri kuma yana buƙatar izinin hukumar killace kayan noma ta Najeriya. Abin da ke isa gida lafiya shi ne busasshen mangis da duriyan da ake sayarwa a rufaffiyar leda, soyayyen nangka mai ƙaras-ƙaras, da dodol ko lempuk, wato alewar duriyan mai danƙo. Ita ma a naɗe ta a leda biyu, a raba ta da akwatin da ke ɗauke da atamfofi da mayafan Hajiya.